Tambayoyi da Amsoshi Kan Yadda Kantuna, Gidajen Mai da Gine-ginen Kano Ke Sauya Kama

Waɗannan tambayoyi ne da ake yawan ji a bakin mutanen da suka daɗe ba sa gari, da yara masu tasowa da ke jin iyayensu na kiran sunayen wuraren da babu su yanzu, da kuma 'yan kasuwar da sauyin ke taɓawa kai tsaye. Kano aka ɗauka a matsayin misali, amma wanda ya san Kaduna ko Zariya ko Jos zai ga garinsu a ciki.

Me ya sa mutum yake ɓata a unguwar da ya girma bayan 'yan shekaru kaɗan?

Saboda mu da alama muke kwatance. Ba kasafai za ka ji Bakano ya ba ka lambar gida ba. Cewa zai yi, "In ka wuce gidan mai, ka sha kwana ta wajen mai shayi, gida na uku mai baƙin ƙyaure." Ranar da aka rushe gidan man, aka ɗora bene a inda mai shayi yake zama, aka sauya ƙyauren, kwatancen ya tashi aiki, ko da titin yana nan inda yake.

Abin sha'awa shi ne suna ya fi gini daɗewa. Har yau direban adaidaita sahu yana kiran Bata, alhali yawancin fasinjojinsa ba su taɓa shiga kantin takalman da ya ba wurin suna ba. Kasuwar Singa ta samo sunanta daga kamfanin keken ɗinki na Singer, amma abin da ake lodawa a can yau shi ne shinkafa da sukari da taliya da man girki. Wapa sunan gidan silima ne, yanzu kuwa da an ambace shi canjin kuɗi ke faɗo wa mutum a rai. Wanda ya iya sauraron sunayen tashoshin mota zai iya karanta rabin tarihin kasuwancin garin a cikinsu.

Ina manyan kantunan da iyayenmu ke ba da labari suka tafi, irin su Kingsway da Leventis?

Asalinsu yana komawa ga zuwan jirgin ƙasa Kano a 1911. Da dogo ya iso, kamfanonin Turawa suka biyo shi don sayen gyaɗa da fata da ƙiraga, suna kuma sayar da yadi, gishiri, kananzir, kwanuka da kekuna. John Holt, G.B. Ollivant, Paterson Zochonis, CFAO na Faransawa, da UAC wadda aka kafa a 1929, duk sun yi kantuna da ɗakunan ajiya a kusa da tashar jirgi. Daga baya manyan kantuna irin na zamani suka fito, su Kingsway ta UAC, da Leventis, da UTC, da Chellarams, inda ma'aikaci zai je ƙarshen wata ya sayi rediyo ko takalmin makaranta, farashi a rubuce, ba ciniki.

Abubuwa uku suka taru suka kai su ƙasa. Na farko dokokin mayar da kasuwanci hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977, waɗanda suka keɓe wa 'yan Najeriya wasu sana'o'i, suka kuma tilasta wa kamfanonin waje sayar da hannun jari. Na biyu ƙarancin kuɗin ƙasashen waje a farkon shekarun 1980, lokacin da farashin ɗanyen mai ya faɗi, shigo da kaya ya koma sai da lasisi. Na uku shirin tsuke bakin aljihu na 1986 da ya karya darajar naira. Kantin da ya dogara da kayan waje da kuma albashin ma'aikaci ya wayi gari kayan sun yi tsada, albashin kuma ya zama ba ya kai wata. Ɗan kasuwar Kwari ko Sabon Gari da ba shi da kuɗin sanyaya ɗaki da albashin ma'aikata hamsin ya fi shi sauƙin farashi. Wasu kamfanonin ba su mutu ba, sana'a suka sauya: suka bar sayar da kaya ɗai-ɗai suka koma masana'anta da rarraba kaya.

Da gaske ne Kantin Kwari gidajen zama ne a da?

Gaskiya ne. Unguwar Kwarori ce, wato 'yan Labanan da Siriya da suka zo cinikin gyaɗa da yadi. Tsarin gininsu shi ne kanti a gaba ko a ƙasa, iyali a baya ko a sama. Shi ya sa har yanzu ɗan Kwari in zai yi maka kwatancen shagonsa yake cewa yana gidan wane, ba layi kaza lamba kaza ba. Bayan dokar 1972, da yawa daga cikin Kwarorin suka matsa zuwa masana'antu a Bompai da Sharaɗa, yaransu na shago da dillalansu Hausawa suka karɓi cinikin. Ɗakin kwana ya zama shago, falo ya zama shago biyu, tsakar gida ta cika da tebura, daga baya aka rushe aka ɗora bene.

Wannan cunkoson yana da farashi. Ambaliyar da ta shiga kasuwar a damunar 2022 ta lalata kayan miliyoyin naira, kuma abin da 'yan kasuwar da kansu suka fi nunawa da yatsa shi ne gine-ginen da aka yi a kan hanyoyin ruwa. Haka gobara: in ta tashi, motar kashe gobara ba ta samun hanyar shiga saboda an cinye layukan. Wanda ya ga abin da ya faru a kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016, inda dubban shaguna suka ƙone a dare ɗaya, ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Me ya sa duk ginin da aka rushe a bakin titi sai ya dawo fulaza?

Lissafi ne. Gidan da ke bakin babban titi, in na zama ne, iyali ɗaya ko biyu za su biya haya. In aka rushe shi aka yi bene mai shaguna talatin, mutum talatin ne za su biya, kowa na shekara guda a dunƙule, wasu ma tun kafin a gama fenti. Mai shago ba ya buƙatar madafa ko banɗaki nasa shi kaɗai, ba ya kiran mai gida don rufi na yoyo a kan gadon yara. A irin wannan hali fili ya fi duk abin da ke kansa daraja, ko gida ne, ko makaranta, ko gidan burodi, ko tsohon ofis.

Ƙari a kan haka, mai kuɗi a ƙasar da naira ke zubewa kullum yana neman inda zai binne dukiyarsa kada ta narke. Ba ya yarda da banki, masana'anta kuma tana buƙatar wutar lantarkin da babu. Sai ya zuba a bulo da siminti. Wannan ne ya sa za ka ga fulaza sabuwa fil, rabin shagunan saman benenta a kulle shekara da shekaru, amma a gefenta ana haƙa harsashin wata. Mai ginin bai damu sosai ba, domin ba hayar kaɗai yake kallo ba, yana kallon abin da ginin zai kai nan da shekara goma.

Ni abin da ke damuna ba yawan shagunan ba ne, Kano garin kasuwa ne tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa da aka kafa kasuwar Kurmi. Abin damuwar shi ne yadda ake ginin: a cika fili tun daga bakin kwalta har katangar maƙwabci, ba wurin ajiye mota, ba magudanar ruwa, ba ƙofar tsira ta biyu. Motocin masu sayayya su tare titi, ruwan rufin ya kwarara gidan bayansa. Benen da ya rufta a titin Beirut a watan Agustan 2022, ana cikin ƙara masa hawa alhali akwai masu shaguna a ƙasa, ya isa ya zama gargaɗi.

Gidan mai ɗaya na san shi da suna uku ko huɗu. Sayar da shi ake yi kullum?

Wani lokaci ba gidan man aka sayar ba, kamfanin gaba ɗaya ne ya sauya hannu a Legas, sai kawai ka ga an zo da sabon fenti. Gwamnati ta karɓe BP a 1979 ya koma AP, daga baya ya zama Forte Oil, yanzu Ardova. Esso ya zama Unipetrol, Unipetrol ya haɗiye Agip aka samu Oando a 2003, sannan a 2022 kamfanin NNPC ya sayi kamfanin da ke tafiyar da gidajen man Oando. Ɓangaren sayar da mai na Shell shi ya zama National, wanda ya koma Conoil. Texaco ya bi ta Chevron ya ƙare a MRS. Elf ya shige cikin Total. Tsohon direba zai ce maka ku haɗu a Agip, kai kuma allon da kake gani wani suna ne dabam, kuma dukkanku kuna da gaskiya.

Ɗaya hanyar ita ce ta 'yan kasuwa masu zaman kansu, 'yan ƙungiyar IPMAN. Wanda ke da gidan mai ɗaya ko biyu in jari ya karye, sai ya ba da haya ga babban dillali mai motocin dakon kansa. A shekarun nan kamfanonin 'yan Arewa irin su A.A. Rano da A.Y.M. Shafa sun bazu har Kudu, abin da a shekarun 1970 ba wanda zai yi tsammani.

To me ya sa gidajen mai da yawa suke a rufe, ciyawa ta cinye su?

Ribar litar fetur ƙanƙanuwa ce, cinikin na yawa ne. Kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, ana sayar da lita ƙasa da naira 200 a hukumance. Cikin kwanaki ta haura 500, zuwa ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Ma'anar wannan ga mai gidan mai ita ce kuɗin da a da zai cika masa tanka biyar yanzu da ƙyar ya cika ɗaya. A lokaci guda masu saye suka rage: mai mota ya ajiye ta ya hau babur, mai janareta ya koma sola. Wanda ba shi da jari mai kauri ko bankin da zai tsaya masa sai ya ɗaure famfo.

Akwai kuma waɗanda tun asali ba don masu wucewa aka gina su ba. Jerin gidajen man da ke kan hanyoyin zuwa iyaka, a ƙauyukan da ba su da motoci ashirin, an san inda mansu yake tafiya lokacin da na Najeriya ya fi na maƙwabta araha nesa ba kusa ba. A watan Nuwamban 2019 hukumar kwastan ta hana kai mai gidajen da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, sannan cire tallafi ya rage ribar tsallakawa da shi. Da yawansu sun zama kufai.

Hanya ma tana kashe gidan mai. In aka raba titi biyu aka sa shinge a tsakiya, rabin masu sayenka sun tafi, domin ba wanda zai yi tafiyar kilomita guda ya juyo don lita uku. Waɗanda suka rayu su ne suka ƙara wani abu a harabar: sayar da iskar gas ta girki, wankin mota, ƙaramin kanti, gidan burodi, na'urar cirar kuɗi.

Ba matsala in an mayar da tsohon gidan mai shaguna ko gidan zama?

Akwai matsala in ba a tono tankunan ƙarƙashin ƙasa ba. Tankin da aka daina amfani da shi yana riƙe tururin mai, mai walda kuma in ya kusance shi da wuta zai iya tashi. Tsohon tanki yana yoyo, man ya sauka cikin ƙasa ya gurɓata rijiya da burtsatsen maƙwabta. Wanda zai sayi irin wannan fili ya tambayi inda tankunan suke, ya tabbatar an kwashe su an wanke wurin, ya kuma nemi sahalewar hukumar NMDPRA mai sa ido kan harkar sayar da man fetur, wadda ta gaji tsohuwar hukumar DPR bayan dokar man fetur ta 2021, da ta hukumar tsara birane. Zuba kankare a kai a rufe ba magani ba ne.

Gidajen silima fa? An ce a da suna da yawa a Kano.

Sun yi yawa. Rex ta buɗe a 1937, Palace ta zo a farkon shekarun 1950 a cikin birni, ga Plaza, Orion, Eldorado, Queens, Marhaba da Wapa. Yawancinsu ba rufi, sai an yi magariba duhu ya shiga ake haska fim, na Indiya da na kaboyi da na 'yan Chana. Gobarar silimar El-Duniya a 1951, wadda ta ci fiye da mutum 300, ta daɗe a bakin mutanen gari, ta kuma ƙara wa masu ƙyamar wurin hujja.

Bidiyo ne ya fara janye musu jama'a, tun daga shekarun 1980, sai fina-finan Hausa na kaset suka shigo da kallo cikin ɗaki inda mata da yara ma za su gani. Bayan ƙaddamar da shari'a a 2000 sharuɗɗa suka ƙaru. Silima kuwa fili ce babba a tsakiyar gari, don haka lissafin da aka yi bayani a sama ya hau kanta: wasu sun zama rukunin shaguna, wasu ɗakunan ajiya. Su ma waɗanda suka kashe silimar ba su tsira ba. Shagon hayar kaset ya ba faifan CD wuri, faifan ya ba masu tura fim a waya wuri, su kuma YouTube na cin kasuwarsu. Haka mai lema da tebur da ke sayar da kiran waya bayan zuwan GSM a 2001: yau a ƙarƙashin lemar nan mai POS ne ke zaune.

Me ya sa gidajen abinci na zamani ba sa daɗewa, amma mai shayin unguwa yana nan shekara talatin?

Ka duba abin da kowannensu ke biya kafin ya sayar da faranti ɗaya. Gidan abinci mai gilashi yana biyan hayar shekara, dizal na janareta daga safe har dare, na'urar sanyaya ɗaki, albashin masu girki da masu kai abinci da mai gadi, ga haraji iri-iri. In shinkafa da mai suka tashi, ba zai iya rage yawan abinci ba tare da an lura ba, in ya ƙara kuɗi kuma matasa su koma sabon wurin da aka buɗe a gaba. Yawancin masu zuwa don sabunta suke zuwa, su ɗauki hoto, wata shida su gaji. Mr Bigg's ta UAC, wadda ta fara a Legas a 1986, ta taɓa zama wurin da ake kai yara ranar Sallah a manyan garuruwa. Yau rassanta sun ragu ƙwarai.

Mai shayi kuwa jarinsa tebur ne, da benci, da tukunya, da kwalin madara da ƙwai da taliyar Indomie. Ya san wanda ke son shayinsa da kauri, ya san wanda zai biya ranar Juma'a, yana da littafin bashi. In aka tashe shi daga nan, gobe ya kafa teburinsa taku hamsin a gaba, jama'arsa su bi shi. Haka mai ƙosai, da mai gurasa, da mai tuwo da ta gaji tukunya daga uwarta. Su ma sun sauya, ba wai suna nan yadda suke ba: gas ya maye gurbin itace a wurare da yawa, ana biya ta waya tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023. Sabon abin da ya shigo shi ne matan da ke girki a gida suna tallatawa a Instagram da WhatsApp, ɗan saƙo a babur ya kai. Ba su da hayar shago ko kaɗan, kuma su ne ke ba gidajen abinci masu gilashi wahala fiye da kowa.

Rufe Shoprite a Kano yana nufin manyan kantuna ba za su yi ba a nan?

A'a. An buɗe rukunin kantunan Ado Bayero a titin gidan Zoo a 2014, Shoprite kuma ta rufe reshenta na can a watan Janairun 2024, bayan kamfanin na Afirka ta Kudu ya riga ya sayar da harkarsa ta Najeriya a 2021. Amma a daidai wannan lokacin kantunan 'yan gida irin su Sahad da Jifatu suna ciniki, ga ƙananan kantuna masu kwando da na'urar lissafi sun cika unguwanni. Bakano bai ƙi kanti mai tsari ba. Abin da ba zai yi ba shi ne ya biya ƙarin kuɗi a kan abin da ya san farashinsa a Singa ko Dawanau ko 'Yankaba.

Me ya sa kasuwanci yake mutuwa da zarar mai shi ya rasu?

Wannan ita ce tambayar da ta fi ciwo, domin a nan ne aka fi asarar wuraren da suka yi suna. Sau da yawa Alhaji shi ne komai: shi ya san masu ba shi kaya bashi, shi ya san waɗanda yake bi, lissafin yana kansa ko a wani littafi da shi kaɗai ke gane rubutun. Kantin ba a yi masa rajista a matsayin kamfani ba, ba a raba kuɗin gida da na shago ba. Ranar da ya faɗi, masu bin sa bashi su zo da takarda, waɗanda yake bi su yi shiru.

Sai rabon gado. Magada goma sha biyar, ɗaki uku ko huɗu, gini ɗaya a bakin titi. Wani yana son a ci gaba, wata tana buƙatar kuɗinta yanzu don ta sayi muhalli, kuma haƙƙinta ne. Hanya mafi sauƙi ita ce a yi wa ginin kuɗi a sayar a raba. Mai saye kuwa fili ya saya, ba sunan kantin ba. Babban yaron shagon da ya yi shekara ashirin yana riƙe da amana, wanda shi ne ya san cinikin, ba shi da kaso, sai ya kama gabansa da abokan cinikin.

Shari'a ba ta ce dole a wargaza dukiya ba. Magada suna iya yarda kowa ya san kasonsa, a bar kasuwancin yana tafiya, ana raba riba. Gidajen da suka ɗore, irin zuriyar Alhassan Ɗantata wanda ya rasu a 1955, sun ɗore ne saboda an shigar da 'ya'ya cikin harkar tun mai ita yana raye, an kuma mayar da ita kamfani mai takardu.

Gadoji da faɗaɗa tituna sun taimaki 'yan kasuwa ko sun cuce su?

Ya danganta da inda shagonka yake. Gadar sama ta Ƙofar Nasarawa, da ta ƙasa a Kabuga, da ta Dangi, da ta Hotoro sun rage cunkoso, ba mai musun wannan. Amma cunkoson nan shi ne kasuwar wasu. Motar da a da take tsayawa a shataletale har direba ya sayi lemo ko ya leƙa shagon kayan gyara, yanzu ta sama take wucewa. Ga watannin aikin kansu, da ake toshe hanya ƙura ta rufe kaya. Hana acaɓa ɗaukar fasinja a watan Janairun 2013 ma ya sauya taswirar ciniki: masu gyaran babur da masu sayar da kayansa suka koma adaidaita sahu, mahadar da 'yan acaɓa ke taruwa ta rasa masu cin abincinta.

Wani lokaci kuma kasuwa ɗungurungum ake ɗagawa, kamar yadda aka mayar da 'yan lemo Na'ibawa, aka kuma tura masu sayar da magunguna daga Sabon Gari zuwa Dangwauro a 2024. Inda aka bari ya yi sanyi na ɗan lokaci, inda aka koma kuma filayen gefensa su yi tsada.

Gwamnati tana da ikon rushe ginin da mutum yake da takardarsa?

Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Takardar shaidar mallaka izinin zama ce na wa'adi, yawanci shekara 99 ga gidan zama, kuma ana iya soke ta don amfanin jama'a, kamar titi ko asibiti, bisa sharaɗin sanarwa da biyan diyyar abin da aka gina. Sannan takardar fili dabam, izinin gini daga KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, dabam, izinin mayar da gidan zama wurin kasuwanci shi ma dabam. Mutane da yawa na farkon kawai suke da shi.

Rusau na watan Yunin 2023 ya nuna yadda abin ke iya kasancewa. Gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe gine-gine a tsohon otal ɗin Daula, da filin sukuwa, da shagunan filin Idi, tana cewa filayen jama'a ne gwamnatin da ta gabata ta raba ba bisa ƙa'ida ba. Masu shagunan filin Idi suka je babbar kotun tarayya, ta yanke a biya su naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Ko wane ɓangare mutum yake goyon baya, akwai ɗan kasuwar da ya sayi shago da guminsa, da takarda mai hatimin hukuma, ya kwana da dukiya ya tashi ba shi da ita. Filin makaranta, da na Idi, da maƙabarta, da jikin badala, da hanyar ruwa, ko da takarda aka ba ka, ka sani wata gwamnati na iya zuwa ta ce ba ta san zancen ba.

Rushe gidajen ƙasa a yi na siminti ci gaba ne ko asara?

Wanda ya taɓa kwana yana tare yoyo a watan Agusta ba zai zargi mai son bulo da kwano ba. Ginin ƙasa yana son yaɓe duk shekara, azara ta yi tsada, maginan da suka iya ɗaurin guga da zanen bango sun ragu, matasa ba sa koyo. Amma soron tubali mai kaurin bango yana da sanyi a watan Afrilu ba tare da fanka ba, ɗakin bulo mai rufin kwano kuwa sai an nemo wuta kafin a iya barci a ciki. Mun bar abin da ya dace da yanayinmu ba tare da mun tsaya mun gyara shi ba.

Asarar da ba ta da madadi ita ce ta kayan kowa da kowa. Badalar da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu, wajen shekara 900 da suka wuce, an cinye ta a wurare da yawa, an ɗebi ƙasarta an yi gini a kanta. An rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa a 2010 don faɗaɗa titi aka sake gina ta da kayan zamani. Kududdufan da ke karɓar ruwan sama a cikin birni an cike su an yi shaguna, ruwan kuma dole ya nemi wurin zuwa, sai ya shiga ɗakunan mutane. Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa sun nuna cewa ginin ƙasa yana rayuwa in an kula da shi.

Ni ɗan haya ne a shago. Me zan yi kada sauyin nan ya same ni ba shiri?

Ka sa a rubuta yarjejeniya, ko da mai ginin amininka ne ko ɗan'uwan mahaifinka, a sa wa'adi, da kuɗi, da tsawon sanarwar da za a ba ka kafin a ce ka tashi, da shaidu. Ka riƙe rasit na kowace shekara. Kafin ka kashe kuɗi a kan tayil da silin da ƙofar gilashi, a rubuta wanda zai ɗauki nauyin in an tashe ka kafin lokaci. Ka bincika ko ginin na gado ne da ba a raba ba, domin wanda ya karɓi kuɗinka yana iya zama ɗaya daga cikin magada goma. Ka tambayi maƙwabta ko an taɓa zuwa an shafa jan fenti a bangon.

Sannan ka tara lambobin wayar abokan cinikinka, ka saba musu da yin oda ta waya, domin ranar da ka koma wani layi su san inda za su same ka. Kada ka tara duk kayanka a shago ɗaya in kana da halin raba su, kuma ka tambayi kamfanonin inshora ko na takaful, wato inshorar Musulunci, nawa ne kuɗin kariya daga gobara. Ka shiga ƙungiyar 'yan kasuwar layinku, ka riƙa biyan kuɗinta, don in maganar tashi ko diyya ta taso, da shugabannin ƙungiya hukuma take zama, kuma sunan da ke cikin rajistarsu shi ake kira.